Yaran da Ba Kurumta Kaɗai Ke Damunsu Ba

A wani babban asibitin Arewa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro yana can ƙarshen wata doguwar baranda, kuma akwai rana guda a mako da aka ware wa yaran da ba sa ji. Kafin masu ba da kati su buɗe taga benci ya riga ya cika. Yawancin masu zaman mata ne, uwa ko kaka ko gwaggo, kowace riƙe da leda mai ɗauke da katin asibiti da takardun gwaje-gwaje da suka fara yagewa a wurin ninki, ga kwanon abinci a gefe, don ba wadda ta san sa'ad da layi zai zo kanta. Yaran kuwa kashi biyu ne ga mai lura. Akwai masu guje-guje a baranda, idanunsu tar a kan komai, suna nuni da yatsa suna jan zanen uwa, lafiyarsu ƙalau in ban da kunnen. Akwai kuma waɗanda ke goye a baya ko kwance a cinya alhali sun wuce shekara uku: wannan wuyansa bai tsaya ba, waccan tana sanye da tabarau mai kauri, wancan akwai tabon aikin zuciya a ƙirjinsa, wani kuma yana ta kaɗa jiki gaba da baya ba ya kallon kowa. Sakamakon gwaji iri ɗaya ne ya tara su, wato kunnuwan biyu sun yi nisa har na'urar ƙara ji ta yau da kullum ba ta wadatar ba, abin da ya rage shi ne dashen na'ura a cikin kunne. Amma in an zo zaɓen wanda za a yi wa dashen, fayil ɗin kashi na biyun nan ake fara ajiyewa a gefe, kuma a ganina hujjar da ake kafawa wajen yin haka ba ta kai ƙarfin da ake zato ba.

Yaran nan ba 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne a duniya ke da matsalar ji mai buƙatar kulawa, kuma ƙididdigar da aka daɗe ana yi a Amurka da Ingila ta nuna kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na yara kurame suna da wata lalurar bayan kurumtar. Dalilin a fili yake, domin abin da ya isa ya kashe kunnen jariri da wuya ya tsaya a kunnen kaɗai. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke yi wa dirar mikiya duk bazara, daga Senegal har Habasha, mun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Annobar 1996 zuwa 1997 kaɗai ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma cikin duk mutum biyar da suka tashi daga wannan ciwo, ɗaya kan fita da tabo na dindindin, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓoɓi ko nauyin fahimta, sau da yawa ma biyu ko uku a haɗe. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani ta hau ƙwaƙwalwa tana lalata hanyar ji tare da sashen da ke sarrafa motsi, shi ya sa za ka ga yaro jikinsa na murɗewa ba da sonsa ba kuma ba ya ji, alhali hankalinsa garau yake. Bakwainin da ya daɗe a kwalba, da wanda ya sha wuya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, suna cikin wannan sahu. Ƙyandar rubela idan ta kama mace a farkon ciki takan bar jariri da kurumta da yanar ido da ciwon zuciya lokaci guda. Ga ƙwayar cutar CMV da jariri ke ɗauka tun a ciki, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa kurumtar haihuwa wadda ba ta gado ba. Akwai kuma na gado, irin lalurar Usher, inda ake haihuwar yaro kurma, sannan ya fara dundumi yana tasowa, ganinsa ya riƙa ƙuntata a hankali.

Ita na'urar kanta gida biyu ce. Ɗaya yana waje, a rataye bayan kunne, da ƙaramin makirfo da injin da ke mayar da sauti saƙon lantarki, da wani faifai da ke mannewa a gefen kai da ƙarfin maganaɗisu. Ɗayan yana ciki, likita ne ke binne shi ƙarƙashin fata a bayan kunne a tiyatar da kan ɗauki awa biyu zuwa uku, ya zura siririyar waya cikin katantanwar kunne, wato murɗaɗɗen bututun nan na can ciki wanda in aka miƙe shi bai wuce milimita 35 ba. A lafiyayyen kunne ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 3,500 ne ke miƙa sauti ga jijiyar ji. Wayar da ake zurawa kuwa wuraren tartsatsin da ke jikinta galibi 12 ne zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Ke nan sautin da yaro zai samu guntun kwaikwayo ne na ainihin ji, ƙwaƙwalwa ce za ta koyi fitar da ma'ana daga cikinsa. An fara dasa wayar da ke tsokanar jijiyar ji da lantarki a Faris a 1957, William House ya ɗora a Amurka a 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977 da Graeme Clark a Melbon ta Ostareliya a 1978 suka fito da irin mai wayoyi da yawa da ake amfani da ita yau. Hukumar FDA ta Amurka ta yarda a dasa wa yara daga shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa fiye da 736,000 a duniya, mafi yawa a ƙasashe masu hali.

Tambayar da ta fi yawo a ɗakin likita a wannan rana guda ɗaya ce: "Likita, zai yi magana?" Uba ma idan ya samu zuwa ita yake yi, kaka ita take yi, mai ba da tallafin kuɗi shi ma ita yake son a amsa masa kafin ya sa hannu a aljihu. Ba laifinsu ba ne, don masu aikin da kansu suka koya wa duniya wannan awo. A shekarun farko cibiyoyin dashe sun riƙa zaɓen yaran da ba su da komai sai kurumta, suna neman nuna wa masu shakka cewa na'urar tana aiki, kuma hujja mafi saurin gamsarwa ita ce yaron da ya buɗe baki ya yi jimla. Daga nan magana ta zama mudun da ake auna kowane yaro da shi, duk wanda aka ga ba zai cika mudun ba sai a ce dashe bai dace da shi ba. Cibiyoyi da yawa a duniya sun bar wannan ra'ayi, amma yana nan da ransa a duk inda na'ura ta yi ƙaranci, kuma ba inda ta kai ƙasashenmu ƙaranci. Abin da nake cewa shi ne, lalura ta biyu ita kaɗai ba ta isa ta hana yaro dashe ba. Abin da ya kamata a duba shi ne ko kunnensa da jijiyarsa za su karɓi na'urar, ko jikinsa zai ɗauki tiyata, ko gidansu zai iya riƙe abin bayan an sallame su, sannan a faɗi gaskiyar abin da ake sa ran shi wannan yaron zai samu, ko da bai kai magana ba.

Ɗakin gwaji ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da abin da ke shanye ƙara, ƙofarsa mai nauyi, in an rufe ta ko hayaniyar baranda ba a ji. Uwa na zaune a tsakiya da yaro a cinya, ana roƙonta kada ta motsa ko ta kalli inda sauti ya fito, don yara kurame gwanaye ne wajen karanta jikin uwa. Ana sakin sauti daga lasifika, in yaro ya waiga sai a kunna masa ɗan abin wasa mai haske a wannan gefen. Gwajin ya dogara ne kan yaron da zai iya juya wuya, ya ga hasken, ya gane alaƙar abubuwan biyu, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai yaron da ke kan benci da ba zai iya ba. Rashin waigawarsa sai a ɗauka rashin ji ne, ko kuma a ɗauka rashin hankali ne alhali kunnen ne. Saboda haka irin waɗannan yara sai an haɗa da gwajin da ba ya neman haɗin kansu, inda ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci, kwamfuta ta nuna ko saƙo yana wucewa ta jijiya. Sai hoton CT da na MRI, kuma a nan ne ake samun dalilan ƙin dashe na gaskiya. Akwai yaron da aka haifa ba shi da jijiyar ji sam, ko katantanwar ba ta ginu ba. Wannan ko an zura waya ba inda saƙo zai bi. Akwai wanda sanƙarau ya cike masa bututun da ƙashi har ba hanyar shiga. Waɗannan dalilai ne da ake gani da ido a hoto. Wuyan da bai tsaya ba kuwa, ko farfaɗiyar da magani ya riƙe, ko ido mai rauni, ba su ce komai a kan jijiyar ji ba.

Binciken da aka tara cikin shekaru daga cibiyoyi daban-daban ya yi ittifaƙi kan abubuwa kaɗan, kuma bai kamata a ƙawata su ba. A jimlace yara masu lalura ta biyu sun fi jinkirin ci gaba bayan dashe, kuma matakin maganar da suke kaiwa yana ƙasa da na sauran. Wasunsu ba za su taɓa yin magana ba. Amma binciken ya nuna wani abu da ya fi wannan amfani ga mai yanke hukunci: abin da ya fi nuna inda yaro zai kai shi ne ƙarfin fahimtarsa, ba sunan ciwon da aka rubuta a fayil ba. Yaron da shawara ta murɗe wa jiki amma ƙwaƙwalwarsa ta tunani tana lafiya yana iya fahimtar duk abin da ake faɗa a gida, ya bi karatu, ko da harshensa da leɓɓansa sun ƙi ba shi haɗin kai wajen furtawa. In aka auna shi da magana an ce dashe ya faɗi, alhali yaron ya fita daga kaɗaici ya shiga hirar gidansu. A cikin masu nauyin fahimta ma, mafi yawa suna samun sanin sauti: ya waiga in an kira sunansa, ya bambance muryar uwarsa da ta baƙo, ya tsaya in an ce "bari", ya ji hon ɗin babur a bayansa, ya natsu in ana yi masa waƙa ko ana karatu kusa da shi. Iyaye kan ba da rahoton raguwar kuka da fushi, don yaron da ke jin takun mai zuwa ba ya firgita in hannu ya taɓa shi. Masu lalurar otizim su ne sakamakonsu ya fi bambanta, wasu su amfana sosai, wasu kuma sautin ya dame su su riƙa fizge na'urar, sai an bi su da haƙuri na watanni. Shi kuwa yaron da ganinsa ke tafiya, hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi. A Ingila, ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2009 ta ce a dasa wa yara a kunne biyu, manya kuwa ɗaya, in ban da makafi da masu lalurar da ta sa suka dogara ga ji, su a ba su biyu. Wato a can an ɗauki lalura ta biyu dalilin ƙari, mu kuma muna ɗaukar ta dalilin ragi.

Ranar kunna na'ura, mako biyu zuwa huɗu bayan tiyata, ba ta cika kama da bidiyon da ke yawo a Facebook ba, inda jariri ke murmushi uwa na hawaye. Mai gwajin ji yana haɗa na'urar da kwamfuta, ya bi wuraren tartsatsin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan, yana neman inda yaro ya fara ji da inda abin ya fara damunsa. Babba zai ce "ya isa". Yaron da ba ya magana kuma ba ya iya ɗaga hannu, sai a karanci ƙiftawar idonsa, ko yadda ya daina tsotsar yatsa na ɗan lokaci, ko yadda numfashinsa ya sauya. A nan ƙwararre kan juya ya ce, "Maman yaro, ke kika san shi, wannan motsin nasa na kullum ne ko sabo ne?" Amsarta ta fi abin da allo ke nunawa, ko da yake na'urorin yanzu suna iya auna martanin jijiya da kansu, abin da ya sauƙaƙa aiki a kan irin waɗannan yara ƙwarai. Sau da yawa abin da ake samu a ranar farko kuka ne, ko shiru kawai. Za a sake dawowa saiti sau da dama a shekarar farko, ana kuma koya wa uwa gwajin kowace safiya: ta tsaya bayan yaro inda ba ya ganin bakinta, ta ce "aa", "uu", "ii", "mm", "sh", "ss", sautuka shida da suka ratsa daga mai kauri zuwa siriri, ta lura da wanda ya kama da wanda ya wuce shi.

Suka mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba a kawar da ita da tausayi kawai. Na'urar da tiyatar da horon da ke biyo baya dubban daloli ne masu yawa, da kuɗinmu miliyoyin naira, a ƙasar da asibitin ƙauye ke rasa fitilar kashe shawara. Mai suka zai ce, in na'ura biyar ce kawai aka samu a bana, adalci shi ne a ba yara biyar da za su yi magana su shiga makaranta su ci gashin kansu. Na yarda dole a yi zaɓe, kuma na yarda amfani ne ya kamata ya jagoranci zaɓen. Inda muka rabu shi ne yadda ake lissafin amfanin. Kurman da ke da ido da hannu da basira, in bai samu dashe ba yana da maganar hannu, yana da makarantar kurame, yana iya koyon ɗinki ko kafinta ya yi aure ya riƙe gida, kamar yadda dubbai suke yi a garuruwanmu. Yarinyar da rubela ta taɓa wa ido da kunne, in ba ta samu ba, me ya rage mata? Tazarar da ke tsakanin rayuwarta da na'ura da rayuwarta babu na'ura ta fi ta yaron farko faɗi, ko da kalmominta ba za su kai nasa ba. Bayan haka, cire yaro daga layi saboda sunan ciwonsa ba lissafin amfani ba ne ma, gudun wahalar bincike ne, tun da mun ga sunan ciwo ba ya nuna makoma. Kuma a Nijeriya galibi ba wani asusu ɗaya ake rabawa ba, iyaye ne ke sayar da fili ko dangi su haɗa, ko wani mai hali ya ɗauki nauyi, don haka hana wannan yaron ba ya nufin wancan zai samu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi samun kula da lafiya ba tare da bambanci saboda naƙasa ba, kuma ban ga yadda za a fitar da ɗakin dashe daga cikinta ba.

Akwai masu cewa a bar zancen dashe gaba ɗaya a zuba kuɗin a rigakafi. Gaskiyarsu ta fi rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusa kawar da nau'in sanƙarau na A daga yankinmu, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar. Duba idon jariri a kwanakin farko, kai shi asibiti da an ga rawaya, raba kayansa da kafur, daina yin allurar jentamaisin barkatai a kemis, duk abubuwa ne masu araha da za su rage cikar bencin nan. Sai dai rigakafi na yaron da ciwo bai taɓa ba ne tukuna. Wanda ke kwance a cinyar uwarsa a baranda ya riga ya wuce nan.

Batun haɗari shi ma gaskiya ne, amma abin tsarawa ne. Yaro mai ciwon zuciya ko matsalar numfashi yana buƙatar ƙwararren mai sa barci da gadon kulawa ta musamman a shirye. Akwai wata lalurar gado, Jervell da Lange-Nielsen, da ke haɗa kurumta da rikicewar bugun zuciya, wadda gwajin zuciya mai sauƙi kafin tiyata ke tonawa. Tun gargaɗin FDA na 2002 an san masu dashe sun fi sauran yara haɗarin sanƙarau, shi ya sa ake cika musu allurar rigakafin ƙwayar nimoniya, wadda kan haddasa sanƙarau, kafin aiki, kuma kunne mai zubar da ruwa sai ya warke sarai. Yaron da zai riƙa buƙatar hoton MRI na ƙwaƙwalwa a gaba, a zaɓa masa na'urar da maganaɗisunta ke jure hoton. Asibitin da ba shi da waɗannan tanade-tanade daidai ne ya ce ba zai yi ba, amma ya faɗa wa iyaye cewa gazawar ta asibitin ce, ya nuna musu inda za su je, kada ya bar su da tunanin ɗansu ne bai cancanta ba.

Su kansu kurame manya suna da tasu maganar, kuma ta cancanci a saurara. Tun taron Milan na 1880, inda malamai masu ji suka yanke cewa a hana yara kurame maganar hannu a makarantu a tilasta musu karatun leɓe, al'ummar kurame ke zargin duk wani abin da aka ce zai gyara su. A ƙasar Hausa maganar hannu tsohuwar aba ce mai ƙa'idojinta, har Constanze Schmaling ta yi littafi a kan ta Kano a 2000, kuma ba a cika ɗaukar hira da kurma da hannu abin kunya a kasuwa ko a zaure ba. Tsoronsu shi ne a dasa wa yaro na'ura a hana shi hannu, in maganar baki ba ta zo ba ya tashi ba shi da harshe ko ɗaya. Ga yara masu lalura ta biyu wannan tsoro ya ninka, don su ne maganar bakin ta fi yi wa jinkiri. Amsar ita ce a haɗa. A fara yi wa yaro maganar hannu tun ranar da aka gane ba ya ji, a ci gaba bayan dashe, a ƙara da allon hotuna ga wanda yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, da taɓi ga wanda ba ya gani. Duk likitan da ya ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta nuni da hannu don kada ya yi ƙyuyar magana, ya cuci yaron. Amma a lura kuma cewa maganar hannu tana buƙatar ido mai gani da hannu mai biyayya, kuma su ne ainihin abin da wasu yaran bencin nan suka rasa.

Inda aikin ke tsayawa ko ya rushe shi ne gida. Batir sai an yi caji kullum a unguwar da wuta ke yin kwana ba ta zo ba. Ƙurar hunturu tana toshe makirfo, gumin bazara yana shiga injin, sai an kwana da shi a cikin gwangwanin busarwa. Siririyar wayar faifan tana tsinkewa, sabuwa kuma sai an yi oda an jira. Yaron da ba ya riƙe kai, duk sa'ad da ya jingina da bayan uwa ko da kujera faifan ya zame, sauti ya ɗauke, kuma ba zai iya faɗa ba, don haka iyaye mata kan ɗinka hula ko ɗan ƙyalle mai aljihu su riƙe shi. Uwar nan ita ce dai mai kai shi gashin ƙashi, mai karɓo maganin farfaɗiya, mai sauran yara da girki, yanzu an ƙara mata zuwa horon ji daga gari mai nisa. In aka dasa na'ura aka sallami irin wannan gida ba tanadin kayan gyara, ba mai horarwa kusa, ba wanda zai kama wa uwa, bayan shekara injin yana cikin kwalla a ajiye, yaron ya sha tiyata a banza. A nan ne "a'a" ko "a dakata" kan zama amsar gaskiya, kuma masu ba da tallafi su sani cewa wanda ya sayi na'ura bai sayi batir da waya da kuɗin mota na shekaru ba, rabin alheri ya yi. Wajibi ne kuma kafin a shiga tiyata a zauna da uwa da uba, har da kakar da maganarta ke da nauyi a gidan, a rubuta abin da ake fata daki-daki: cikin wata shida ya yarda da na'urar a kansa, cikin shekara ya waiga ga sunansa, abin da ya ƙaru bayan nan a gode wa Allah.

Babbar asarar da yaran nan ke yi tun kafin su iso baranda ita ce ta lokaci. Ƙwaƙwalwa tana da wa'adin koyon ji, wanda ya fi kyau kafin shekara uku da rabi, ya yi rauni sosai bayan shekara bakwai. Yaro mai lalura biyu shi ne ake makara wajen gane kurumtarsa, don hankalin kowa yana kan farfaɗiyar ko wuyan, in an ga ba ya amsawa sai a ce ciwon nasa ne, a gida kuma a ce baffansa ma bai yi magana da wuri ba, ko a kai shi wurin wanzami a duba harshe. Na sanƙarau kuwa nasa ya fi gaggawa, domin ƙashi na iya fara cike katantanwa cikin 'yan makonni da tashinsa daga ciwon. Don haka ina roƙon likitocin yara da ungozomomi da iyaye baki ɗaya: duk jaririn da ya kwana a kwalba, ko shawara ta kai shi ga canjin jini, ko aka haife shi da ciwon ido ko na zuciya, a gwada kunnensa kafin ya cika wata uku. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma, a gwada shi kafin a sallame shi, in ba a samu ba kada ya wuce mako huɗu.